Ƙirjin da Aka Hana Ɗana Taɓawa

Kunya ce ta yanka mijina, yayansa Alhaji Mamman kuwa shi ya danne mata ƙafafunsa. Na faɗa a gaban liman ranar sadaka, na faɗa a bakin famfo, yau ga shi na rubuta. Wanda ya ji haushi ya zo ya same ni, kowa a Zongo ya san inda nake kafa kaskona. Kada kuma a kawo mini wa'azin ajali. Na san ajali, na binne 'ya'ya. Amma ajali daban, mutum ya ga ƙofa a buɗe a tare masa ita daban.

Sunana Azumi. Ƙosai da koko nake sayarwa tun ina amarya, hayaƙin itace ya bar mini tarin da nake fama da shi tun kafin a rusa tsohon Zongo a watso mu nan bayan gari. A Lome aka haife ni, kakana ne ya zo daga ƙasar Katsina da fataucin shanu. Boko da furfura a kaina na koye shi, a ajin yamma da wani malami ɗan Nijar ya buɗe wa matan kasuwa, saboda haka in kun ga rubutuna ya karkace, maganar dai a miƙe take. Mijina Malam Garba mahauci ne, kamar ubansa, kamar yayansa. Ɗanmu na fari kuwa likitan ƙirji ne, irin wanda ake kwantar masa da mutum ya buɗe haƙarƙari ya gyara huhu ya rufe, mutumin ya tashi ya koma gida.

Yaran yanzu da Faransanci ya cika wa baki ba lalle su san al'adar ba, bari in faɗa musu. Ɗan fari a wurinmu abin kunya ne. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa wasa. Uba ma haka. Da aka yaye nawa sai aka kai shi gidan Alhaji Mamman, can ya girma. In ya zo gaishe ni, bango nake kallo in amsa. In ina da magana da shi sai in gaya wa iska: a gaya wa wasu su riƙa sa takalmi. Shi ma ya amsa wa iska, to. Yana yaro "wancan" nake ce masa, da ya girma na koma "Dokta" kamar kowa.

Lakwal ma, wato makarantar boko, ba don so aka sa shi ba. Da aka matsa wa kowane gida ya ba da yaro, Alhaji ya ɓoye nasa a rumfar nama, ya miƙa ɗan riƙo. Yaron ya kama karatu kamar wanda aka yi wa baki. Da ya gama na nan, ya nemi gwamnati ta ɗauki nauyinsa zuwa waje, aka ce ai ku 'yan Najeriya ne, alhali cibiyarsa da tawa duk a ƙasar nan aka binne su. Sai da ya yanki katin jam'iyya, ya sa rigarta, ya yi musu rawa da waƙa a fili cikin rana tare da sauran samari, sannan aka tuna an haife shi a Togo. Ya tafi Dakar. In ya zo hutu a rame, ina bayan zana ina jin yana ba ƙanwarsa Hadiza labari, wai da gawa suke fara koyo. Daga Dakar ya wuce Faransa, wani gari mai sanyi. Ya ce ya yi shekaru aikinsa kawai ya riƙe wa manya ƙarfe ya buɗe musu haƙarƙari su yi aiki, yana tsaye har ƙafa ta kumbura, kafin a yarda ya riƙe wuƙa. Bayan ya riƙe wuƙar ma sai da ya sake wasu shekaru a kan ƙirji kaɗai.

Zongo ba ta bar mu mun huta ba. Sa'o'insa sun yi aure, sun yi suna, wasu har sun je Makka, shi ana ta cewa yana karatu. Ubansa da kansa yake jan zolayar a kwata, yana cewa shi kafin gemu ya fito masa ya iya buɗe ƙirjin bijimi, ga nasa ɗan can sanƙo ya cinye shi yana koyo. A yi dariya, shi ma ya yi. Na daɗe ban gane ba ko alfahari yake ɓoyewa a cikin wannan magana ko raini. Har ya mutu ban tabbatar ba.

Dokta ya dawo, aka ba shi aiki a babban asibiti da gida a unguwar Tokoin. Kowace Juma'a bayan masallaci yakan zo, ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakin ubansa ya gaishe shi. Uban ya amsa yana kallon tasbaha. Bai taɓa wuce dokin ƙofar nan ba.

Ciwon ya fara ne da bijimi. Wani ja mai gajeren ƙaho ya ƙwace a kwata ya maka Malam da bango, ya same shi a haƙarƙarin dama. Aka kawo shi gida yana dariya yana cewa sun yi kokawa ne an tashi kunnen doki. Makon farko maɗori ya zo ya shafa, ya ce ƙashi ya tsage, ya ɗaure shi da tsumma. Ni kuma ina gasa masa da ruwan zafi safe da yamma. Na ce a aika Tokoin. Malam ya ce kada in sake faɗa. Alhaji ya zo dubiya ya ƙara da cewa bugun sa a gidan mahauta ba ciwo ba ne, in aka kira likita a kan wannan sai yara su raina su.

Mako na biyu zazzaɓi ya shigo, da wani tari busasshe wanda in ya yi sai ya dafe gefe ya rufe ido. Ya daina iya kwanciya ta hagu. Wanzami ya zo ya kafa masa ƙaho a baya, ya nuna mana baƙin jini ya ce ga muguntar nan ta fita. Aka kawo rubutu, aka kawo jiƙo, wata maƙwabciya Ba'ewiya, 'yar ƙabilar mutanen garin nan, ta kawo wani ganye a dafa a yi surace. Ban raina kowa ba, da zuciya ɗaya suka kawo. Amma duk mai kawo magani sai ya ƙara da cewa kada dai a kai shi asibiti, can ba su san komai ba sai wuƙa. Suna faɗa a gabana, sun manta ko suna sane ɗana ne mai wuƙar.

Abin da ba zan yafe ba shi ne Juma'o'in nan. Tun hantsi Malam zai sa in tashe shi, in sa masa babbar riga mai aiki don ta rufe ɗaurin, in jingina shi da bango, in fesa turare. Dokta ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa. Baba, an wuni lafiya? Lafiya lau. Mutumin nan zai haɗiye tari, jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi ya keto masa, ba zai saki ba sai ya ji ƙarar motar ta bar ƙofar gida. Sannan ya kife ya yi ta yi har ya yi amai. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyon sauraron ƙirji, ga ƙirjin ubansa yana ruɓewa taku kaɗan daga inda yake tsugune, ana yi masa lafiya lau.

A Juma'a ta uku ya lura. Ya ce yana ganin kafaɗar Baba ta dama ta sauka, ko ya ɗauko jakarsa a mota ya duba? Malam ya ce, yana kallon tasbaha, jakar ta zauna inda take. Dokta ya tashi zai fita. Ina bakin murhu, na juya wa tsakar gida baya, na ce wa iska da ƙarfi:

"A gaya wa masu ilimi sa ya taka mutum a gidan nan, yau mako uku ba ya barci."

Na ji takunsa ya tsaya. Daga ɗaki Malam ya kira sunana da wata murya da ban taɓa jin ya yi mini ba. Amma magana ta fita.

Sai da aka kwana biyu ana ja kafin Malam ya yarda a kai shi asibiti, da sharaɗin wani likita ne zai duba shi, Dokta ko ɗakin kada ya shiga. Muka hau mota tun da sassafe. Ku da kuke zaton uwar likita ba ta bin layi, na bi. Na bi na yankan kati, na bi na hoton ƙirji da suke ce wa radiyo, na bi na farmasi har aka ce maganin ya ƙare in nemo cikin gari. Zannuwana na Holan da na tara tun aure, ɗaya bayan ɗaya na kai su kasuwa, don Malam ya rantse ba za a yi jinyarsa da aljihun ɗansa ba. Dokta yana biyan wasu abubuwa a ɓoye ta hannun Hadiza, ni ina yi kamar ban sani ba.

Wani ƙaramin likita, yaro mai ladabi, Allah ya yi masa albarka, shi ya huda gefen Malam ya sa tiyo, ƙarshensa cikin kwalba a ƙarƙashin gado. Abin da ya fito ba zan kwatanta muku warinsa ba. Jinin da bugun ya tara a ciki ne ya zama mugunya. Majinyatan gadajen kusa suka toshe hanci, wani ya ce a fitar da mu baranda. Nas ɗin ɗakin, wata Ba'ewiya mai jiki da muke kira Da Akosiwa, ta tsaya a kansa ta ce in shi ƙamshi yake yi me ya kawo shi asibiti. Matar nan ta riƙe mu kamar danginta. Ita ta koya mini yadda zan juya shi ba tare da tiyon ya goce ba, ita take ɗaga mini ƙafa in lokacin dubiya ya wuce.

Kwana kaɗan Malam ya ji sauƙi, har ya ci tuwo. Sai zazzaɓin ya dawo. Aka sake radiyo. Dokta ya same ni a baranda, ya tsaya gefena muna kallon itacen mangwaro mu duka biyu, ya yi wa itacen bayani. Ya ce mugunyar ta daɗe, ta yi kauri, ta yi wa huhun ɓawo ta matse shi, ba zai iya buɗewa ya sha iska ba. Tiyo ba ya fitar da ɓawo. Sai an buɗe ƙirjin an ɓare shi da hannu. Ya faɗi sunan aikin da Faransanci, dekortikasiyo, kalmar ta manne mini har yau, nakan tsinci kaina ina faɗinta ina jiƙa wake. Ya ce aiki ne da ya yi sau da yawa, kuma Baba yana da ƙarfin da zai ɗauka in ba a ɓata lokaci ba.

Na tambayi itacen mangwaro wa zai yi. Ya ce a sana'arsu an koya musu mutum ba ya yi wa jininsa aiki, hannu yakan yi rawa. Amma Baturen da ke yin irin wannan kafin shi Dokta ya dawo ya bar ƙasar, babu wani sai shi. Ya nemi a fitar da Baba waje, aka ce ya jira sa hannu daga sama, kuma ya san mahaucin Zongo ba ya cikin waɗanda ake sa wa hannu. Ankara, babban birnin ƙasar maƙwabtanmu, ga ta nan kusa, amma a shekarar iyakar Aflawo a rufe take. Ya ce saboda haka shi zai yi. Na yi tari a lokacin, irin nawa na kullum. Ya ce a gaya wa wasu tarin nan nasu ma ya daɗe. Na ce a gaya wa wasu su ji da abin da ke gabansu.

Na san Malam ba zai yarda ba, don ya riga ya tambayi Da Akosiwa yadda ake yi, ta gaya masa gaskiya: a tuɓe mutum, a aske shi, a sa shi barci, a kwantar da shi ta gefe hannu a sama. Sai na kawo dabara. Akwai wani Bature a asibitin, yovo kamar yadda mutanen gari ke cewa, aikinsa sa mutane barci kafin a yi musu aiki. Na ce ya zo ya gaishe da Malam, ya duba shi, mu kuma mu yi shiru. Malam zai ɗauka shi ne mai aikin. Dokta ya ƙi da farko, ya ce ba ya yanka mutum a kan ruɗi. Na gaya wa bango cewa Faransa ta koya wa wasu gaskiya amma ba ta koya musu ubansu ba. Da ya ga Malam ya fara kasa ƙarasa Fatiha da numfashi ɗaya, sai ya sauko. Baturen ya zo, ya auna Malam, ya sa shi ya buɗe baki, ya ba shi hannu. Malam ya ce wannan kam da gani ya san aikinsa. Aka sa rana.

Ranar ta zo, an hana shi abinci, an aske shi, sai aka ce an ɗaga. Babban mutum zai dawo daga tafiya, an kwashe ma'aikata, har Dokta, su jeru a bakin titi su yi tafi. A lokacin ba a faɗin irin wannan da ƙarfi, ko a ɗakinka sai ka duba taga. Aka ce sai jibi.

A wannan ranar ce Alhaji Mamman ya zo da cinyar rago a naɗe cikin takarda. Al'adar mahauta ce, wanda zai yi maka babban aiki ka fara gaishe shi da nama mai kyau. Baturen shi ba a kai shi tafi ba, yana zaune ba aikin yi. Alhaji ya same shi ya miƙa masa, ya yi masa godiya da Faransancinsa na kasuwa, ya ce ga ƙanensa nan amana, ya yanka a hankali. Baturen ya yi dariya. Ya ce shi barci kawai yake sawa, a kai wa ɗansu cinyar, shi ne mai wuƙa, kuma hannunsa ya fi na duk wanda ya taɓa aiki da shi. Yabo yake yi, bawan Allah. Bai san abin da ya fasa ba.

Alhaji bai tsaya ko ya neme ni ba. Kafin in dawo daga wankin kwano ya gama gaya wa Malam komai. Na tare shi a baranda na riƙe masa riga, ni da ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba. Ya ce in sake shi. Ya ce shi ya raini yaron nan, ba zai zauna a ce ɗan da ya raina ya tuɓe ubansa tsirara ya sa masa wuƙa ba. In Garba ya mutu a kan teburin fa? Har duniya ta tashi Zongo za ta riƙa nuna yaron tana cewa ga wanda ya yanka ubansa. Ya ce yaron yake karewa. Na ce masa da ka kare shi ranar da ka miƙa shi lakwal ka ɓoye naka.

Da la'asar Dokta ya dawo daga titi da rigar jam'iyya a jikinsa, rana ta dafa shi. Ya tarar Malam zaune a bakin gado ya sa hula, yana cewa a cire masa tiyo zai tafi gida. Ranar ce ya fara ƙetare ƙofa ya shiga inda ubansa yake. Ya durƙusa a gaban gadon, a gaban majinyata, ya roƙe shi. Malam yana kallon taga ya ce:

"Na fi ka sanin yadda ake buɗe ƙirji. Tun ba a haife ka ba nake buɗewa. Ban taɓa buɗe wanda ya tashi ba."

Dokta ya ce nasa suna tashi, akwai wani a gado na can ƙarshe da ya yi wa irin wannan aikin, ga shi yana cin burodi, a tambaye shi.

"To in na tashi fa? Ka gan ni a kwance kamar akuya, ka sa hannu cikin cikina. Da wane ido zan dube ka?"

"Baba, ai ba ka taɓa dubana ba."

Bai faɗa da tsiwa ba, a hankali ya faɗa. Na yi zaton wannan za ta karya Malam. Sai ya juya ga Alhaji ya ce ka ji abin da karatu ya koya masa, a nemo mota.

Muka dawo gida. Sauran makonnin ni na ɗauke su, ba Alhaji ba. Shi yakan leƙo bayan sallar asuba ya ce yaya mai jiki, ya wuce rumfa. Ni ke wanke tsumma, ni ke juya shi, ni ke turara ɗaki har itacen ƙamshi ya ƙare a gidan wari bai ƙare ba. Inda aka cire tiyon ya ƙi rufewa. Can ƙasan hammata wani wuri ya kumbura ya yi ja, rannan ya fashe da kansa ya jiƙa katifa. Matan da suka ce kada a kai shi asibiti su ne yanzu suke tsayawa a tsakar gida da mayafi a hanci, su yi sannu daga nesa, su fita suna cewa ga likita a gida amma dubi yadda aka bar mutum. Da Akosiwa takan hau mota ranar hutunta ta zo ta yi masa allurar da Dokta ya aiko, don daga hannunta kaɗai yake karɓa. Ba ta taɓa karɓar ko kuɗin mota ba, ƙosai kawai nake cusa mata a jaka.

Dokta yana zuwa kullum bayan aiki. An mayar da shi bakin ƙofa. Ya tsuguna can yana sauraron numfashin ubansa daga nesa, ya san abin da kowane ƙugi yake nufi, ya san saura nawa, ba halin ya taɓa. Sau ɗaya ya sake cewa har yanzu in Baba ya yarda za a iya gwadawa. Malam ya ja bargo ya rufe fuska.

Ni ma bai bar ni ba. Ina share masa baki ya ce, ke kika shirya a wulaƙanta ni. Wannan ce magana ta ƙarshe da ya yi mini. Bayan ita ruwa ma in yana so Hadiza yake kira. Mutumin da na zauna da shi tun ban san daka ba. Na ci gaba da wanke shi yana kawar da kai, har ranar da ya cika, da hantsi, ina tsakar gida ina shanya tsummansa.

Yanzu ku ji inda al'adar ta ƙare. Da aka zo wanka, Alhaji ya leƙo ya ce ina babban ɗan, shi ya kamata ya shigo ya kama. Na kawo ruwan ɗumi bakin ƙofa, labulen bai rufu duka ba, na gani da idona. An yaye wa Malam riga, ga ƙirjin a buɗe, duk ƙasusuwa. Dokta ya durƙusa, ya sa yatsu biyu ya bi haƙarƙarin ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a wani wuri a gefen dama, ya ja yatsan a hankali zuwa baya. Nan ne da zai tsaga. Ya bar hannunsa a wurin har liman ya ce masa Dokta, ruwa yana hucewa. Abin da aka hana shi ubansa yana numfashi, shi aka kira shi aka ba shi yana gawa, ba wanda ya ce kunya.

Ranar sadakar bakwai maza suna zaune a ƙofar gida, ina ɗaki cikin kayan takaba, na ji Alhaji yana cewa ilimin Nasara ke nan, a kashe shekaru a dawo, uba ya mutu a gabanka. Wasu suka ce haka ne. Dokta yana cikinsu yana raba goro. Na fito har zaure na faɗi abin da na fara rubutun nan da shi, liman yana cewa Azumi ki ji tsoron Allah, na ce da tsoronsa nake faɗa. Aka ja ni aka mayar ɗaki.

Da yamma Hadiza ta shigo ta zauna kusa da ni. Ta ce Yaya ya ce a gaya wa wasu zai ajiye aiki. Tsohon maigidansa na Faransa ya daɗe yana kiransa, zai koma. Ya ce ba zai iya bin titin Zongo ana nuna shi ba, kuma tun ranar wankan nan in ya ɗauki wuƙa sai ya ga haƙarƙarin nan.

Ku mata, ku nake wa rubutun nan, musamman masu 'ya'yan fari a lakwal. In kun san ba za ku bari su taɓa ku ba, ku bar su a rumfar nama, kada ku bari su ƙare rayuwarsu suna koyon abin da za ku hana su yi muku. In kuma sa ya taka muku miji ya ce ba komai, kada ku jira Juma'a ta uku, kada ku gaya wa iska.

Washegari ban kafa kasko ba, dama mai takaba ba ta kafawa. Na yi wanka na ɗaura zanen takabar, na fita. Matar Alhaji ta gan ni a bakin famfo ta ce ina za ki, kwana takwas da rasuwa? Na ce asibiti, ki gaya masa. Na hau mota har Tokoin. Na yanki kati na zauna a benci cikin masu tari, akwai 'yan Zongo a layin suna kallona suna taɓa juna. Da Akosiwa ta hango ni ta ce in zo ta shigar da ni ta baya, na ce a'a, ta gaba zan shiga. Da layi ya zo kaina na tura ƙofa, na bar ta a buɗe don na benci su ji.

Yana zaune yana rubutu. Da ya ga ni ce ya miƙe, ya sunkuyar da kai, ya fara neman tsugunawa.

"Idrisu," na ce.

Sunan ya fito mini da ƙyar kamar ƙofar da ta daɗe a kulle. Ya tsaya a rabin tsugunon.

"Idrisu, ɗago ka dube ni. Ka ce tarin nan ya daɗe. Ga ƙirjin na kawo maka. Ka saurara, in na buɗewa ne ka buɗe. Kuma ba inda za ka sai ka gama da shi."

Na cire mayafi na ajiye a kan teburinsa, na hau gadon gwaji, na kwance igiyar rigata. Ya miƙe. Sannan ya ɗauko abin sauraron ya sa a kunne, ya huhhura bakin ƙarfen don ya yi ɗumi, ya ɗora mini a baya. Ina jin yatsunsa suna rawa, sai suka tsaya.

"Mma," ya ce, "ja numfashi."

Na ja.